Ƙwayar Zarra da Ƙurar Dalma: Tarihin Ilmin da Ya Karanta Ƙasar Anka da Bukkuyum



A cikin watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières, wadda gidajen rediyo kan kira Na-gari Na-kowa, suna zagayen neman cutar sanƙarau a yammacin Jihar Zamfara, sai suka tarar da wata irin mace-mace ta ƙananan yara wadda ba ta yi kama da sanƙarau ba, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi mata komai ba. Yaro zai fara da amai, sa'an nan jijjiga, sa'an nan suma, daga nan sai a ɗauke shi. Da aka ɗebi jinin waɗansu aka aika Turai, sai amsa ta dawo cewa dalma ce. A watan Mayu masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, suka samu 118 daga cikinsu sun rasu a cikin wata 12. Watau ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. A ƙarshe an ƙiyasta cewa yaran da suka rasu a yankin sun haura 400. Sunayen ƙauyukan sanannu ne ga duk wanda ya fito daga Anka, ko Nasarawar Burkullu, ko Gummi: Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum.

Musabbabin abin bai ɓuya ba. Farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, har ya wuce dala 1,000 kowane oza a 2008. Mutane suka riƙa haƙo dutsen zinariya suna kawowa gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Dutsen nan kuwa yana tattare da dalma mai yawa, kuma asalin dalmar da ke cikinsa shi ne dutsen nan mai ƙyalli da iyayenmu mata suka sani da sunan tozali ko kwalli. Ƙurarsa ta bi ɗaka, ta bi tsakar gida, ta bi hannun yaro mai rarrafe zuwa bakinsa.

To, amma ƙura mai dalma da ƙura marar dalma duk kamarsu ɗaya a ido. Waɗanda suka zo aikin tsabtace ƙauyukan, watau kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith ta Amurka tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, sun zo da wata na'ura ta hannu wadda ba ta fi butar shayi girma ba. A kan kafa bakinta a ƙasa, kafin minti biyu ta nuna yawan dalmar da ke wurin. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin tarihin ilmin da ke cikin na'urar nan. Abin da zan nuna shi ne, ta ginu a kan ƙa'idoji biyu waɗanda a farkon ƙarni na 20 suka yi karo da juna har aka rasa yadda za a sulhunta su. Ta farko ta ce duk cajin lantarkin da tafiyarsa ta sauya sai ya fid da haske. Ta biyu ta ce ilektiron da ke cikin ƙwayar zarra ba ya fid da haske, sai fa in ya sauya mazauni.

Kafin mu ci gaba, bari mu daidaita kalmomi. Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar yanki na sinadari, kamar dalma ko zinariya, wanda har yanzu za a kira shi da sunan wannan sinadarin. Kalmar zarra mun aro ta daga Larabci, inda take nufin ɗan ƙaramin tururuwa ko ƙwayar ƙurar da a kan gani tana yawo cikin hasken rana in ya ratso ta kafar ɗaki. Ƙwayar ƙura ɗaya kuwa tana ɗauke da biliyoyin ƙwayoyin zarra. Caji kuma, wanda kowa ya sani a bakin masu batir da waya, a nan yana nufin wata ɗabi'a ce ta halitta mai jinsi biyu: jinsi ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Duk wanda ya taɓa cire rigar leda cikin duhu a lokacin hunturu ya ga tartsatsi, ya ga caji yana tsalle. Ilektiron shi ne ɗan ƙanƙanin abin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin jinsunan nan biyu, shi ne kuma ke gudana cikin wayar lantarki.

Labarin ya fara ne da Michael Faraday, ɗan maƙeri, wanda ya yi koyon ɗinkin littattafai a Landan kafin ya shiga bincike. Faraday ba shi da zurfin lissafi, saboda haka ya riƙa suranta abubuwa a zuci. Ya ɗauka cewa kowane caji yana da waɗansu zarurruka da ba a gani, suna fita daga jikinsa zuwa kowace fuska kamar wayoyin ƙafar keke daga cibiyarta, da su ne kuma yake ja ko ture abin da ke nesa da shi. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, shi ya zuba wannan surar cikin lissafi. A 1865 ya nuna cewa in aka girgiza zarurrukan nan, girgizar za ta tafi kamar taguwar ruwa, da gudun da ya kai kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da ya ga wannan gudun daidai yake da gudun haske, sai ya yanke cewa haske kansa irin wannan taguwa ce. Maxwell ya rasu a 1879 bai ga tabbacin maganarsa ba. Sai a 1887 da 1888 Heinrich Hertz, a garin Karlsruhe na Jamus, ya tada tartsatsi a wannan gefen ɗaki, ya ga ƙaramin tartsatsi ya amsa a wancan gefen, ba waya a tsakani.

Me ya sa sai tafiyar caji ta sauya sa'an nan haske ke fita? Wannan ita ce tambayar da ɗalibai kan haddace amsarta ba tare da sun ga dalilinta ba, alhali dalilin ba shi da wuya. J. J. Thomson ya bayyana shi da hoto tun a 1903. In caji yana tsaye, zarurrukansa a miƙe suke. In yana tafiya da gudu ɗaya a kan hanya miƙaƙƙiya, zarurrukan suna tafiya tare da shi, har yanzu a miƙe. Hasali ma wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi zai gan shi kamar a tsaye, abin da ke tsaye kuwa ba ya fid da komai. To, a ce an bangaje shi farat ɗaya. Ɓangaren zaren da ke kusa da shi ya san ya motsa, ya bi shi. Ɓangaren da ke nesa bai ji labari ba tukuna, domin labari ba ya wuce gudun haske, saboda haka yana nan yana nuna tsohon wurin. Zaren kuwa ba ya tsinkewa. Dole ke nan a sami lanƙwasa a tsakanin sabon ɓangare da tsoho, lanƙwasar nan kuma ta riƙa gudu zuwa waje. Wanda ya taɓa karkaɗa igiyar guga ya ga lanƙwasa ta bi igiyar har cikin rijiya, ya ga misalin abin. Wannan lanƙwasar ita ce haske, ita ce taguwar rediyo. Tana tafiya da wani kaso na kuzarin cajin, kuma abin da ta ɗauka ba ya dawowa.

Akwai wani abu game da lanƙwasar nan da ya kamata a lura da shi. Jan da caji ke yi yana raguwa da sauri: in nisa ya ninka, sai ya koma rubu'i. Ƙarfin lanƙwasar kuwa in nisa ya ninka rabi kawai yake komawa. Shi ya sa take kaiwa inda ja ba ya kaiwa. Shi ya sa tun da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, da gidan rediyon Kaduna a 1962, manomi a Gummi ke jin muryar mutumin da bai taɓa gani ba: ana kai da komo da ilektiron cikin dogon ƙarfen tasha sau dubbai ko miliyoyi a daƙiƙa, lanƙwasar ta taso ta zo ta motsa ilektiron ɗin eriyar akwatinsa. Ƙarar da akwatin kan yi da damina duk sa'ad da aka yi walƙiya ita ma haka ne, caji ne ya yi tsalle a sararin sama.

A 1897 Joseph Larmor, mutumin Ailan da ke koyarwa a Kambirij, ya fid da ma'aunin abin. In saurin sauyin ya ninka biyu, kuzarin da ke fita ya ninka huɗu. Sauyin tafiya kuma a wurin masana ya haɗa ƙara gudu da taka birki da shan kwana, ko da gudun bai ragu ba. A riƙe wannan na shan kwana, domin shi ne zai jawo rigima nan gaba.

Na taka birki kuwa an riga an ga aikinsa kafin a gane shi. Ranar 8 ga Nuwamba 1895, Wilhelm Röntgen, a garin Würzburg, yana gwaji da wani bututun gilashi da aka zuƙe iskarsa, sai ya ga wani haske da ba a sani ba yana ratsa takarda da katako. Cikin 'yan makonni ya ɗauki hoton ƙasusuwan hannun matarsa da zobenta. Wannan shi ne eksire, wanda a asibiti muke cewa hoton ƙashi ko hoton ƙirji. Bayan shekara 2 Thomson ya tabbatar da cewa abin da ke gudu cikin irin wannan bututun ilektiron ne. In suka taho a guje suka daki gilashi ko ƙarfe, sai su tsaya farat ɗaya, tsayawar nan kuwa sauyin tafiya ne mai tsananin gaske. Arnold Sommerfeld ya raɗa wa hasken suna da Jamusanci a 1909, ma'anar sunan kuwa ita ce hasken birki.

Har zuwa nan ƙa'idar Maxwell ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Zinariya ce ta kawo matsala. A 1909, a Jami'ar Manchesta, Hans Geiger da Ernest Marsden suna harbin wata fallen zinariya, wadda aka buga ta yi siriri ƙwarai, da waɗansu ƙwayoyi masu caji da ke fita daga sinadarai irin su radiyam. Galibinsu suka wuce kamar ba komai a gabansu, amma ɗaya cikin dubbai ya kan dawo da baya. Shugabansu Ernest Rutherford ya yi kusan shekara 2 yana tunani, a 1911 ya ba da fassara: kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra, da dukkan cajin jinsi ɗaya, sun taru a wata 'yar cibiya a tsakiya, ilektiron kuma suna waje. In aka hura ƙwayar haidirojin ta kai faɗin filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar gero ba. Saura duk fili ne.

To, me ya hana ilektiron faɗawa cikin cibiyar da ke jansa? Amsar da ta fara zuwa ita ce yana kewaya ta, yadda duniya ke kewaya rana. Amma kewayawa shan kwana ne ba hutawa, ilektiron kuwa caji ne. Bisa lissafin Larmor dole ya riƙa fid da haske, kuzarinsa na raguwa, da'irarsa na tsukewa, har ya afka cikin cibiya. Da aka lissafa tsawon lokacin da wannan zai ɗauka, sai aka ga bai kai kashi ɗaya cikin biliyan 10 na daƙiƙa ba. Ma'ana, in ƙa'idojin nan gaskiya ne yadda aka san su, to babu dutse, babu ruwa, babu mai lissafin kansa. Ga shi kuwa duniya tana nan.

Akwai kuma wani tsohon abin mamaki da ke jiran bayani. In miya mai gishiri ko kanwa ta zuba a kan harshen wutar gas, sai ya koma rawaya. Tun 1859 da 1860 Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka nuna a Heidelberg cewa kowane sinadari in aka zafafa shi yana fid da waɗansu launuka ƙididdigaggu nasa na kansa, ba ya ƙetare su. A 1885 wani malamin makarantar 'yan mata a Basel, Johann Balmer, yana da shekara 60, ya gano wani ɗan lissafi da ya dace da launuka huɗu na haidirojin, amma shi kansa bai san dalilin dacewar ba. Ilektiron da ke zamewa a hankali zuwa cibiya kamata ya yi ya fid da kowane launi bi da bi. Me ya sa huɗu?

Niels Bohr, ɗan ƙasar Danmak, yana da shekara 27 sa'ad da ya buga maƙaloli uku a 1913. Ya ɗauki ra'ayin Max Planck na 1900 da na Albert Einstein na 1905, cewa haske ƙulli-ƙulli yake fita, kowane ƙulli da gwargwadon kuzarinsa bisa launinsa. Sa'an nan ya ce ilektiron a cikin ƙwayar zarra yana da waɗansu mazaunai ƙididdigaggu, kamar matakan tsani, ba ya tsayawa a tsakanin mataki da mataki. Muddin yana kan mataki ba ya fid da haske. In ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa, sai ya fid da ƙulli ɗaya wanda kuzarinsa daidai yake da tazarar matakan. Akwai kuma matakin ƙarshe wanda babu na ƙasa da shi. Da wannan ya fid da lissafin Balmer daidai, ya kuma fid da girman ƙwayar haidirojin.

A ganina ya kamata a faɗa wa ɗalibai gaskiya game da Bohr. Bai warware rigimar ba, doka ya kafa. An tambaye shi me ya sa ilektiron mai shan kwana ba ya fid da haske, ya ce an hana shi. Lissafinsa ma da aka kai shi kan hiliyam, mai ilektiron biyu kacal, sai ya kasa. Duk da haka hoton nan na ƙwallaye suna kewaya cibiya shi ne har yanzu a bangon ɗakunan karatunmu, ɗalibi ya gama sakandare yana tsammani nan ilmin ya tsaya. Darajar aikin Bohr tana cikin matakan tsanin ne. Su ne suka tabbata, da'irorin kuwa an daɗe da yar da su.

Wanda ya kai matakan nan kan ƙarafa masu nauyi wani saurayi ne, Henry Moseley. Kafin shi, Charles Barkla ya lura a Libaful cewa in aka haska eksire a kan ƙarfe, ƙarfen kan mai da martani da wani eksire nasa na kansa, ya kuma raba martanin gida biyu ya sa musu haruffan K da L. A 1913 da 1914, a Manchesta sa'an nan a Oksfod, Moseley ya auna martanin sinadarai ɗaya bayan ɗaya, daga alminiyam har zinariya. Ya ga muryar kowanne tana hawa da tsari bisa lambarsa a jadawalin sinadarai, ya gane cewa lambar nan ita ce yawan cajin da ke cibiya. Makaɗin kalangu ya san wannan: gwargwadon yadda ka matse tsirkiya, gwargwadon yadda murya ke tashi. Cibiya mai caji da yawa tana matse ilektiron na ciki, tazarar matakansu ta yi faɗi, hasken da ke fita ya yi ƙarfi. Moseley ya ga giɓi a lamba 43 da 61 da 72 da 75, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, daga baya kuwa duk an same su. Na 72 an gano shi a Kopenhagen a 1923 ta wannan hanya tasa. Shi kansa ya hango cewa hanyar za ta yi amfani wajen gane abin da ke cikin kowane dutse. Bai ga haka da idonsa ba. Ya shiga soja, aka harbe shi a Gallipoli ta ƙasar Turkiyya ranar 10 ga Agusta 1915, yana da shekara 27.

Dalilin da Bohr bai bayar ba ya zo ne tsakanin 1924 da 1927. Louis de Broglie na Faransa ya ce ilektiron kansa yana da ɗabi'ar taguwa. Erwin Schrödinger ya rubuta lissafin taguwar a 1926, Max Born ya fassara ta da cewa tana nuna inda aka fi sa ran samun ilektiron in aka neme shi. Taguwar da aka tsare a wuri ɗaya kuwa ba ta da zaɓi da yawa. Tsirkiyar molo da aka ɗaure baki biyu waɗansu muryoyi kawai take iya fitarwa, haka ilektiron da cibiya ta tsare waɗansu siffofi kawai yake iya ɗauka, su ne matakan Bohr. A cikin kowace siffa cajinsa a baje yake kamar hazo kewaye da cibiya, hazon nan kuma ba ya motsi, yadda yake yanzu haka yake anjima. Abin da bai sauya ba ba ya lanƙwasa zaren Faraday, saboda haka babu haske. Amma sa'ad da ilektiron ke tsakanin barin wata siffa da shiga wata, hazon yana kaɗawa, saurin kaɗawar kuma daidai yake da launin da ke fita. Ashe ƙa'idar Maxwell ba ta ƙarya ba ce, surar ƙwallo mai kewayawa ce ba daidai ba. Game da faɗawa cikin cibiya kuwa, Werner Heisenberg ya nuna a 1927 cewa gwargwadon yadda aka ƙuntata wa ilektiron wuri, gwargwadon yadda motsinsa ke tsananta. Matsa shi cikin cibiya yana bukatar kuzarin da ya fi wanda jan cibiyar zai bayar, don haka sai ya tsaya inda biyun suka daidaita. Wolfgang Pauli kuma ya riga ya nuna a 1925 cewa ilektiron ba sa cunkushewa a mazauni ɗaya: hawa na ciki yana ɗaukar 2, na biye 8, na uku 18.

Yanzu sai mu koma tsakar gida a 'Yargalma. Ƙwayar dalma tana da ilektiron 82, a jere hawa shida: 2 da 8 da 18 da 32 da 18 da 4. Irin na'urar nan an fara yin ta ta hannu a shekarun 1990 domin neman dalma a tsohon fentin gidajen Amurka, na baya-bayan nan kuma galibinsu suna ɗauke da ɗan bututun Röntgen a ciki. In aka danna, sai a kora ilektiron da ƙarfin lantarki na bolt dubu 40 ko 50, su daki ƙarfe su tsaya, hasken birki ya fita ya shiga ƙasa. Ƙa'ida ta farko ke nan. Hasken ya tarar da ƙwayar dalma, ya fizge ilektiron ɗaya daga hawa na biyu, wanda Barkla ya kira L. Nan take wani daga hawa na uku ya sauko ya cike gurbin, ya fid da ƙulli ɗaya na eksire. Ƙa'ida ta biyu ke nan. A ma'aunin da masana ke kira ilektiron-bolt, hasken da ido ke gani bai wuce 2 zuwa 3 ba, martanin dalma kuwa yana fitowa a wajen 10,550 da 12,610. Zinariya, mai lamba 79, tana amsawa a wajen 9,710. Zaibar da masu haƙa ke kama zinariya da ita, mai lamba 80, tana tsakaninsu. Na'urar tana ƙirga ƙulli nawa ne suka dawo da muryar dalma, ta mai da su lamba. Akwai wani sinadari mai guba, arsenik, wanda muryarsa ta kusan zama ɗaya da ta farkon dalma, shi ya sa a kan dogara da ta biyun.

Lambobin da ta nuna sun firgita waɗanda suka karanta su. Ma'aunin da Amurka ke aiki da shi a lokacin, game da ƙasar da yara ke wasa a kanta, shi ne kashi 400 cikin miliyan. A waɗansu wuraren niƙa da shanya an sami fiye da 100,000, watau ushirin nauyin ƙasar dalma ce.

Ilektiron na ciki su ne suka tona asirin dalma, na waje kuma su ne ke kisa. Dalma kan saki biyu daga huɗun nan na hawan ƙarshe, sai ta zama mai caji biyu, kamar kalsiyam da ke gina ƙashi yake kuma isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Jiki sai ya ruɗe ya karɓe ta a madadinsa. Jikin yaro mai girma ya fi ƙishin kalsiyam, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro kan tsotsi ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da ya haɗiya.

Amfanin na'urar a aikace shi ne ta ba da damar yanke hukunci nan take. Akwai maganin da ke kama dalma a jini ya fid da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani ga yaron da zai koma ya zauna cikin ƙurar da ta kwantar da shi, saboda haka likitoci suka tsaya a kan sai an tsabtace gida kafin a ba da magani. Da a ce kowane dunƙulen ƙasa sai an kai shi ɗakin gwaji a ƙasar waje, da damina ta wuce ba a gama ƙauye ɗaya ba. Da na'urar a hannu, a kan auna ɗaki da tsakar gida da bakin rijiya, a kankare inda ya wajaba da fartanya da shebur, a sake aunawa, a zuba sabuwar ƙasa wadda ita ma an auna ta. Mutanen ƙauyukan su ne suka yi aikin da hannunsu. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, aka bi da ƙauyuka biyar zuwa 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi har farkon 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta sake su, yaranta kuma ba su sami magani ba sai da aka tsabtace gidajensu. Lambobin Bagega suna hannu tun da daɗewa, jinkirin na ofis ne, wannan kuwa magana ce da ta shafi ma'aikatan da ke zaune a ɗakin nan fiye da ɗalibai. Gaba ɗaya an kwashe ƙasa da tarkacen dutse fiye da mita murabba'i mai zurfi 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820, aka yi wa yara fiye da 2,000 magani.

Na'urar tana da iyakarta, ya kuma kamata duk jami'in da za a miƙa wa takardar sakamakonta ya san iyakar. Hasken ba ya shiga ƙasa fiye da 'yan milimita, saboda haka abin da ke binne ba ta ganinsa, laima kuma tana rage lambar da take nunawa. Bugu da ƙari, ilektiron na ciki ba ruwansu da abin da dalma ta haɗu da shi, don haka na'urar ba ta bambanta dalmar da ke cikin tozali mai ƙyalli da wadda ruwa da iska suka riga suka rubar. Masanan duwatsu na gwamnatin Amurka da suka binciki dutsen Zamfara sun samu cewa yawancin dalmarsa ta riga ta juye zuwa irin da ke narkewa da sauƙi cikin ruwan ciki, wanda ke bayyana dalilin da ya sa gubar ta yi wannan tsanani. Sa'an nan lambar ta ranar da aka auna ce kawai. Gidan da aka tsabtace bana, in aka dawo da buhun dutse cikinsa baɗi, sai an sake aunawa. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan da ke kusa da ita, inda yara 28 suka rasu. A Zamfara kuwa Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a watan Afrilu na 2019 saboda rashin tsaro, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024.